Daga Adjamé Zuwa Treichville: Wa Na'urar Birni Za Ta Ƙidaya?

Duk wanda ke leƙa ɓangaren Faransanci na mujallar nan, ko yake kunna rediyo da safe, ya sha jin wata kalma da manya suka riƙe a baki a 'yan shekarun nan, wato ville intelligente. Mu dai sai mu ce birni mai basira. Abin nufi shi ne a baza na'urori cikin gari, kyamara a kan titi, ma'auni a bakin magudanar ruwa, kati a hannun fasinja, a haɗa su duka da kwamfuta, domin hukuma ta riƙa sanin halin da gari ke ciki ta kuma yi gyara tun abu bai ɓaci ba. Magana ce mai daɗin ji. Amma abin da ya hana ni sakat shi ne, in an tashi ɗora wa Abijan wannan basira, me masu tsara ta ya kamata su fara sani? Mu kuma baƙi, masu tebur da baro da butar shayi, muna cikin lissafin ko ba mu ciki? Shi ya sa wata ranar Talata na bar wa yara shago, na ɗauki ɗan ƙanena mai karatun kwamfuta, na ce mu bi gari daga Adjamé har Treichville mu gane wa idonmu.

Mun fito ne bayan sallar asuba. Kafin gari ya waye sosai muna kan titin Nangui Abrogoua, kuma tuni ba masaka tsinke. Yaran mota na rataye a ƙofar gbaka suna kiran Abobo da Yopougon, mata na sauke kwandunan kayan miya, masu baro na ihu a ba su hanya, masu shaguna a Forum na ɗaga ƙofofin ƙarfe. An ce da harshen Ebrié, mutanen da suka riga kowa zama a nan, Adjamé na nufin mahaɗa. Wanda ya raɗa sunan bai yi kuskure ba.

Ƙidayar jama'a ta shekarar 2021 ta ce mazauna Adjamé wajen dubu 340 ne, cikin mutum fiye da miliyan 5 da rabi da ke birnin Abijan. To amma ƙidaya da mai kwana take aiki. Wanda ya tsaya a gaban babban masallacin Adjamé da hantsi ya san waɗanda ke yini a nan sun ninka masu kwana, domin daga Abobo da Anyama da Yopougon da Koumassi ake kwararowa, a watse da magariba. Ruwan da ake sha, bayan gidan da ake nema, sharar da ake zubarwa, duk na masu yini ne. Na ce wa yaron, "Ka ga abu na farko ke nan. Duk na'urar da ta san inda mutum ke kwana ba ta san inda yake yini ba, ba ta san Adjamé ba."

Ya ce, "Baba, ai an taɓa gwada wannan lissafin, kuma a nan garin aka gwada."

Gaskiyarsa. Kamfanin waya na Orange ya taɓa fitar da bayanan kiraye-kiraye da saƙonni na masu layinsa miliyan 5 a Kodebuwa, na tsakanin Disamba 2011 da Afrilu 2012, bayanai har biliyan 2 da rabi, bayan an goge sunaye, ya ce masana su duba abin da za a iya amfana da shi. Yadda abin yake, duk lokacin da ka buga waya, eriyar da ke kusa da kai ce ke ɗauka. In ka buga da safe a Abobo, ka sake bugawa da hantsi a Adjamé, an san wani ya taso daga can ya zo nan. In aka tara na dubban mutane sai hanyoyin da jama'a ke bi su fito kamar sawun tururuwa. A 2013 masu bincike na kamfanin IBM da ke Dublin suka yi aiki da bayanan, suka ce da za a ƙara wa SOTRA 'yan layuka a kuma tsawaita wani, da lokacin da fasinja ke ɓatawa a hanya ya ragu da kimanin kashi 10 cikin 100. Aikin ya yi suna a duniya, har yau ana kafa misali da shi in ana zancen birni mai basira.

Sai dai a lura. A lokacin, manyan bas ɗin SOTRA ɗari biyar da 'yan kai ne, alhali gbaka sun kai wajen 5,000, woro-woro kuma wajen 11,000. Layukan bas suna rubuce a takarda, shi ya sa kwamfuta ta iya taɓa su. Na gbaka kuwa a kan direba da yaron motarsa suke: inda ake tsayawa, inda ake juyawa in hanya ta cushe, kuɗin safe da na yamma, da yadda ake yanka tafiya gida biyu in ruwa ya sauko. Haka kuma lissafin bai ga wanda ba shi da waya ba, ko mai layin wani kamfani, ko tsohuwar da ba ta kira sai dai a kira ta sau ɗaya a mako. A Nairobi ta ƙasar Kenya da suka ci karo da irin wannan, ɗaliban jami'a aka ba wayoyi suka shiga ƙananan motocin haya da suke kira matatu, suka bi kowane layi har ƙarshensa, sannan aka fitar da taswira a 2014. Wato sai da aka hau motar talaka aka zauna kafin kwamfuta ta samu abin ci.

Muka ratsa ta wajen Liberté muka zauna gun wani dattijo mai shayi, mutumin ƙasar Adar, wanda ya fi shekara talatin a unguwar. Mai karatu ya san a garin nan duk mai irin wannan tebur aboki ake ce masa, kamar yadda aceke da soyayyen kifi ya zama garba a bakin kowa. Harshenmu ya shiga bakin gari tun da daɗewa, saura ya shiga na'urar gari. A jikin teburin dattijon an liƙa ɗan katin nan mai zane-zane na Wave, wanda ake haskawa da waya a biya kuɗi. Na ce, "Alhaji, ashe kai ma ka shiga zamani." Ya yi dariya ya ce, "Malam, rashin canji ne ya shigar da ni."

Kuɗin waya ba baƙon abu ba ne a nan. Tun ƙarshen 2008 Orange Money ya fara aiki a ƙasar, MTN da Moov suka biyo, Wave kuma da ya shigo da ladan kashi 1 cikin 100 ya sa kowa ya sassauta farashi. In ka aika jika 10, dala ashirin za a cire. To ga inda gizo ke saƙa. Na ce dala ashirin, kowa a teburin ya gane, amma wayar 100 za ta rubuta, da Faransanci kuma. Dattijon da dala yake lissafi tun yana yaro, karatunsa na allo ne, ajami yake rubuta bashin da yake bi. Duk saƙon da ya shigo sai ya miƙa wa wani ya karanta masa, wanda ya karanta maka saƙon kuɗinka kuwa ya san cikin aljihunka. Ban ga abin da zai hana a sa na'urar ta yi magana da murya ba, da Jula da Baule da Hausa da Mosanci, tunda mutanen kasuwa da saƙon murya suke ciniki dare da rana. Wanda zai tsara wa Adjamé wani abu ya fara tambayar kansa ko mutumin da bai yi lakwal ba zai iya aiki da shi shi kaɗai, ba tare da ya tona asirinsa ga maƙwabci ba.

Dattijon ya tuna mana da ranar 14 ga Maris 2024, ranar da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar ƙasar nan, aka wayi gari Kodebuwa da maƙwabtanta da dama ba sadarwar kirki. Masu kuɗi a waya suka zama kamar ba su da ko dala, mai tsaba a aljihu shi ne sarki. Haka nan ba mu manta da rabon wutar da aka yi a 2021 ba, unguwa ta samu yau, gobe ta kwana a duhu. Ɗan ƙanena ya ce a makaranta abin da ake fara koya musu ke nan, cewa kowane tsari sai an tanadar masa abin da zai yi ranar da wuta ta ɗauke ko layi ya yanke. Fitilar kan hanya mai aiki da kwamfuta abu ne mai kyau, amma a bar ɗan sanda da usur ɗinsa a kusa.

Kyamarori kuwa sun riga sun iso. Tun watan Satumba 2021 aka fara kama masu laifin tuƙi da kyamara a manyan titunan Abijan: na'ura ta ɗauki lambar mota, a duba sunan da ke kan takardar motar, a aika masa saƙon tara ta waya. A Maris 2023 aka ƙara da lasin mai maki, wanda ake ragewa in an yi laifi. Ni ban ƙi wannan ba ko kaɗan, duk wanda ya taɓa ɗaukar gawar ɗan'uwa daga bakin titi ba zai ƙi ba. Amma mu duba yadda muke ciniki. Mota takan wuce hannu uku ba a sauya sunan da ke takarda ba, layin waya kuma sau da yawa da katin wani aka yanke shi, domin ranar da aka je saye mai shi bai da takarda a hannu. Na'ura ba ta san amana ba, suna ta sani. Saƙo zai tafi gun wanda ya sayar da motar tun bara, mai laifin bai ji ba, tara na taruwa. Saboda haka dole tsari ya zo da ƙofar da mutum zai je ya ce ba ni ba ne, a saurare shi da harshen da yake ji. Mu ma a namu ɓangaren, wanda ya sayi mota ya juya takarda, wanda layinsa ke da sunan wani ya je ya gyara. Wannan ba aikin gobe ba ne.

Daga nan muka gangara mahaɗar Indénié, inda Adjamé ke iyaka da Plateau da Cocody. Kwari ne, ruwan tudun Abobo da Adjamé duk nan yake taruwa kafin ya faɗa tafki, kuma shekara da shekaru da damina ta kama sai motoci su nutse. An kashe kuɗi mai yawa an yi gadoji da manyan magudanai. Ruwan daren 18 zuwa 19 ga Yuni 2018, wanda ya ci rayuka kusan 20 a Abijan, ya nuna amfanin a ce akwai ma'aunin da zai yi gargaɗi tun cikin dare. Amma mun leƙa wata kwata a sama da wurin, cike take da leda da robar ruwa. Ma'auni zai faɗa maka ruwa ya taso, ba zai kwashe leda ba.

Gbaka ba ta shiga Plateau, don haka bas muka hau. Ba zan tsaya kan Plateau ba, unguwar benaye ce da ofisoshi, kuma duk abin da aka ƙirƙiro a can ake fara kafa shi, a can kuma yake aiki lafiya, tunda kowa na da adireshi da takarda da albashi. Gwajin gaskiya yana gaba da baya. Muka hau gadar Houphouët-Boigny, wadda aka buɗe a 1957 a madadin tsohuwar gada mai yawo kan ruwa ta 1931. Ta gefenta jirgin cikin gari da ake ginawa zai ƙetare. An aza harsashinsa a ƙarshen Nuwamba 2017, a Treichville, gaban Shugaba Alassane Ouattara da Emmanuel Macron na Faransa, zai kuma yi tafiyar kilomita 37 daga Anyama, garin goro, ya bi ta Abobo da Adjamé da Plateau da Treichville har Port-Bouët. Ranar da ya fara aiki da kati za a shiga. Tambayata ita ce wace takarda za a nema kafin a ba mutum katin, kuma ko mai buhun albasa yana da wuri a ciki.

Da ka sauka Treichville sai ka ji numfashinka ya daidaita. Unguwar ta samo sunanta daga Marcel Treich-Laplène, Bafaranshen da ya ƙulla wa ƙasarsa yarjejeniyoyi da sarakunan yankin, kafin nan kuwa ƙauyen Anoumabo ne a wurin. Da aka mayar da babban birnin mulkin mallaka Abijan a 1934, Turawa suka zauna a Plateau, suka tura ma'aikata baƙar fata ƙetaren ruwa. Aka haƙa mashigin Vridi a 1950, tashar jiragen ruwa ta buɗe a 1951, sai duniya ta kwararo: Senegalawa, Mosawa, Yarabawa, Zabarmawa, Larabawan Lebanon, da kakanninmu masu fataucin goro da shanu. A nan aka kafa jam'iyyar PDCI a Afrilu 1946. Yau mazaunanta dubu ɗari da 'yan kai ne, ba ta kai sulusin Adjamé ba.

Abin da ya kawo mu shi ne titunanta. An yanka unguwar kamar gidan dara, waɗanda suka miƙe ta wannan fuska ana ce musu avenue, waɗanda suka gitta su ana ce musu rue, kowanne da lambarsa. In mutum ya ce maka yana Avenue 16, Rue 12, an gama magana. Ba ka bukatar Faransanci, ba ka bukatar taswira, ƙirge kawai za ka yi kana tafiya, in ka wuce ka dawo baya. Baƙon da ya sauka yau daga Madawa ko Sakkwato zai koye shi kafin la'asar. Ba don ƙaunarmu Turawa suka yi haka ba, don sauƙin sa ido da karɓar haraji ne. Amma na ce wa ɗan ƙanena ya nuna mini wata na'ura a garin nan da ta kai wannan tsari sauƙi da ƙarko, wadda ba ta cin wuta, ba ta neman layi. Ya yi shiru.

Kwatanta da Adjamé, inda adireshi labari ne: ka wuce Renault, ka bar kantin magani a hannun hagu, ka tambayi mai gyaran takalmi. Liberté da Roxy sunayen gidajen silima ne, an daɗe da daina kallo a cikinsu amma sunan ya zauna. Motar kashe gobara ko ta asibiti ba ta da lokacin sauraron labari. An yi ƙoƙarin magance wannan. A 2016 hukumar gidan waya ta ƙasa ta rungumi wani tsari na wani kamfanin Ingila mai suna what3words, wanda ya yanka duniya gida-gida, kowane gida mita 3 sau 3, ya ba kowanne kalmomi uku. Dabara ce mai kyau a takarda, amma ni dai ban taɓa jin ɗan kasuwa ya kwatanta shagonsa da ita ba. Daga baya gwamnati ta ɗauki babban aikin raɗa wa titunan Abijan suna da liƙa wa ƙofofi lamba, har a 2025 muka ga sababbin alluna: titin Giscard d'Estaing da ya ratsa Treichville ya koma Félix Houphouët-Boigny, na Marseille ya koma Philippe Yacé. Aiki ne da ya kamata a yaba, domin ba birnin da zai yi basira bai san ƙofar gidan mutanensa ba. Sai dai direba har gobe VGE yake cewa. Mai hankali zai sa kwamfutar ta riƙe suna biyun, na allo da na baki, har ranar da ɗaya ya gaji ya bar wa ɗaya.

Akwai kuma abin da lambar ƙofa ba ta faɗa. Gidan haya na tsakar gida ɗaya a Treichville yana iya ɗaukar iyali goma, ga ɗakin samari da ake kwana bi da bi, ga baƙin maigida da ke sauka wata biyu su sayar da kaya su koma. Ƙofa ɗaya ce, mita ɗaya ce ta wuta, suna ɗaya ne a takarda. Sauran fa?

A nan ne zuciyata ta rabu biyu, kuma gara in faɗa. Ƙidayar 2021 ta nuna kashi 22 cikin 100 na mazauna ƙasar nan ba 'yan ƙasa ba ne. Manyanmu ba su manta da zamanin katin zama ba, wanda aka shigo da shi a farkon shekarun 1990, aka soke wa 'yan ƙasashen CEDEAO a 2007. Shekarun nan sun koya wa mutanenmu cewa wanda ba a rubuta ba shi ke kwana lafiya. Amma 2024 ta koya mana wani darasin. Da aka rushe Gesco a Yopougon da Boribana a Attécoubé a farkon shekarar, aka kuma taɓa wani sashe na ƙauyen Adjamé a watan Yuli saboda hanyar gada ta huɗu, maganar diyya da sake matsuguni ta koma kan wa aka rubuta, wa ke da shaida. Wanda ya ɓuya wa takarda ya wayi gari takarda ta ɓuya masa. Taswirar da za ta kawo maka motar asibiti ita ce za ta nuna wa katafila hanya. Ƙasar nan tana da dokar kare bayanan mutane tun Yuni 2013, hukumar ARTCI ce ke kula da ita. Ya kamata shugabannin ƙungiyoyinmu da sarakunan Hausawa na unguwanni su san da ita, in an kira taro kan wani sabon tsari su je, su yi tambaya uku ko huɗu: wa zai riƙe sunayen, shekara nawa, wa aka yarda ya gani, ina mutum zai je in an rubuta shi ba daidai ba. A birnin Toronto na Kanada irin waɗannan tambayoyi mazauna suka yi ta yi wa wani kamfani ɗan'uwan Google da ya so gina unguwa mai basira, har ya janye a 2020. Mu ba mu kai su ƙarfi ba, amma baki bai fi baki ba.

Muka yi la'asar kusa da babbar kasuwa, wadda aka sake ginawa bayan gobarar 1997. Wani mai sayar da yadi ya nuna mini tarin rasit na harajin kasuwa da yake ajiyewa cikin gwangwanin madara, na shekaru, ya ce shi ne shaidarsa in wata rana an ce ba a san shi ba. Ɗan ƙanena ya karɓi wayarsa ya ɗauki hotonsu ɗaya bayan ɗaya, ya nuna masa inda zai same su ko da gwangwanin ya ƙone.

Magariba ta kawo jiki, ƙafafuna sun gaji, yaron ya ce bari ya kira mana mota ta waya. Ya danna, taswira ta fito, ga ɗigon da ke nuna inda muke tsaye, ga 'yar mota na matsowa a kan gilashi. Can sai wayar ta yi ƙara. Direban ne, yana tambaya wai muna ina daidai. Yaron ya fara karanto masa sabon sunan titin daga allon da ke saman kanmu, direban ya ce bai gane ba. Na karɓi wayar na ce masa Rue 12, gaban mai tsire. Ya ce to, ga shi nan.